Ɓawon Albasa

Tirela ta iso daga Aliero da asubar fari,
kwana biyu a hanya, buhu uku sun ruɓe.
Na zauna bakin kwata a Mil Sha Biyu
ina ware mai rai da matacciya.

Iya Morenike ce ta fara zuwa, kamar kullum,
daro a ka, kuɗi a bakin zane.
"Alubosa," in ji ta, tana latsa ɗaya da babban yatsa.
Ta ja sunan ya yi tsawo,
ta zuba masa wasali inda mu muka haɗiye.
Sai ga Obiageli mai abinci a Ketu:
"Yabasi nawa yau?"
Ita kam ta sare kan sunan ta dasa wani,
amma na shaida shi,
yadda ake shaida ɗan gida da tafiyarsa
ko ya shekara ashirin a kurmi.

Ni a zatona tamu ce.
Ubana ya dasa ta a fadama,
kakana ya kafa mata rudu don kada damina ta cinye ta.
Na ce wa Malam Jaɓɓi mai gyaran sikeli,
"Dubi mutanen Ikko,
sun ci albasarmu, sun haɗa da sunan."

Bai ɗaga kai daga aikinsa ba.
"Kai ma aro ka yi," ya ce.
"Basal take a bakin Larabawa.
Wannan al ɗin da kake ji, hula ce, ba kai ba.
Da ita ta ƙetaro yashi,
kakanninka suka yi mata maraba
ba wanda ya ce ta tuɓe."
Na ce, "To su Larabawan, wa ya ba su?"
Ya miƙo mini guda: "Ɓare ka gani."

Na ɓare.
Ɓawo, ƙarƙashinsa ɓawo,
ja ya koma fari, fari ya ƙara fari.
Ina neman ƙwallon da zan ce ga asali nan,
na ƙare da hannu wayam
da ido yana ruwa.

Daidai nan yaron danfo ya buga ƙofar motarsa:
"Aboki, kauce!"
Na kauce.
Wannan kam tamu ce, ba sai na tambayi Malam ba.
A gida, aboki shi ne wanda kuka raba goro ɗaya,
wanda ya san inda ka ci bashi ya yi shiru,
wanda zai riƙe ƙafar makara ranar da ba ka iya godiya.
Nan kuwa ta zama sunan kowa da ba a son sanin sunansa,
mai tura baro, mai gadi, mai wankin takalmi,
abin jifa daga tagar mota.
Albasa ba ta yi halin ruwa ba.
Ko ita ma a hanya ta ruɓe,
tsakanin Jebba da Ibadan, cikin zafi?

Da la'asar hadari ya taso daga wajen teku.
Ina can bayan masallaci ina biyan 'yan dako,
na dawo a guje, na san na makara.
Sai na tarar da buhunana a lulluɓe,
Iya Morenike tsaye cikin ruwa
ta danne bakin leda da ƙafa ɗaya,
gwaggwaronta ya jiƙe ya kwanta.
"Aboki mi," ta ce, "ina ka shiga?"

Ban amsa ba.
Na ɗauki kalmar, na juya ta a tafin hannu,
na latsa ta da babban yatsa.
Tana da tauri.
Na sa ta cikin masu rai.